Babi na biyu, inda satar fasaha ke ɓuya

Duk shekara idan aka raba mana ɗaliban ajin ƙarshe mu duba kundinsu na kammala digiri, a babi na biyu nake gane wanda ya yi aiki da hannunsa. Nan ake bitar ayyukan magabata, nan kuma kwafe ya fi yawa. Ɗalibin da Turancinsa ke ɗingishi a babi na ɗaya, sai ka tarar da jimlolinsa santala-santala a na biyu. Wani ko shuɗin layin da ke ƙarƙashin kalma ba ya gogewa, yana nan yadda ya kwaso shi daga intanet.

Wata ɗaliba ta kawo mini nata, an buga an ɗaure tsaf. A tsakiyar babin aka ce an gudanar da binciken a wata jihar kudu, alhali a unguwarsu ta raba takardun tambaya. Na ce ta rufe kundin ta faɗa mini da Hausa abin da sakin layin ke nufi. Ta sunkuyar da kai, can ta ce, "Wallahi Malam, mai shagon kwamfuta na biya ya haɗa mini. Ai kowa haka yake yi." Ko kusa ba ta ɗauki abin sata ba. Tun firamare haka aka saba mata: malami ya rubuta a allo, ta kwafe, ta haddace, ta mayar masa ranar jarrabawa, ta ci maki. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata yadda ake karanta maganar wani a sake faɗinta da bakin kai.

Makarantu sun jingina da manhajojin gano kwafe irin su Turnitin, da EagleScan wadda kwamitin shugabannin jami'o'in Najeriya ya samar. Suna da amfani, amma babban abin da suke aunawa kamanceceniyar kalmomi ne. Ɗalibi mai wayo sai ya sauya kalmomi, adadin kamanceceniyar ya sauka, satar tana nan daram. Mai gaskiyar da ya ɗauko magana ya ambaci mai ita kuwa, adadinsa na iya hawa. Tun da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, ya fito a ƙarshen 2022, ana kawo mini rubutun da bai yi kama da na kowa ba, kuma ba na ɗalibin ba ne.

Abin da ya fi shiga kunnen ɗalibai shi ne isnadi. Yawancinsu sun yi Islamiyya, sun san ba a karɓar hadisi sai an ji wane daga wane. Nakan tuna musu maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana daga cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Sai in ce sunan marubuci da shekara da lambar shafi su ne isnadin kundinku. Nan take fuskoki ke sauyawa. Masu ganin ba a kamawa kuma, ina ba su labarin ministan tsaron Jamus, Guttenberg, da ya sauka daga muƙami a 2011 saboda kwafe a kundin digirinsa na uku.

Yanzu ba na karɓar babin da aka buga sai na ga littafin da ɗalibi ya yi rubutun hannu a ciki. Ya karanta maƙala, ya rufe ta, ya rubuta abin da ya fahimta a layi biyar, ya sa sunan mai ita a sama. In jimlar marubucin yake so sak, ya sa ta cikin alamar zance. Sannan mu zauna, in ɗaga shafi in tambaye shi, "Me ya sa ka yarda da wannan ba wancan ba?" Wanda ya saya, tambaya ɗaya ke kwance masa zani a kasuwa.

Aikin yana cin lokaci, ga ɗalibai sun yi wa malamai yawa, shi ya sa wasu abokan aikina ke duban adadin manhaja kawai su sa hannu. Ni dai na roƙi sashenmu a fara koyar da wannan tun ajin farko, kuma har yanzu takardar tana teburin kwamiti.