Laraba: sunaye bakwai a cikin jakata

Tun ƙarfe huɗu da rabi idona biyu yau. Ruwan da aka kwana ana yi ne ya hana ni komawa barci, ina kwance ina jin yadda yake dukan kwano, ni kuma hankalina na kan rafin nan na bayan kasuwa, ko zai bari mu haye ko kuwa sai mun zagaya ta gada, wanda zagayen kaɗai ya kusa cinye lita guda ta mai. Watan Agusta kenan a Filato, ga sanyi ga laka.

Na isa asibitin mishan ɗinmu bakwai saura, mukai addu'ar safe a baranda kamar kullum, sannan Sista ta miƙo min takarda a ninke. Sunaye bakwai. Mutum bakwai masu ɗauke da cutar ƙanjamau, wato HIV, da ranar karɓar maganinsu ta wuce basu zo ba, wasu sati uku, ɗaya wata uku cur. Ban taɓa shiga ƙauye da takardar nan a hannu ba, sai na haddace ta a hanya sannan in cusa ta can ƙasan jaka, ƙarƙashin littafin waƙoƙi, saboda takarda ɗaya in ta faɗi a hannun da bai dace ba ta isa ta kashe aure. Muka ɗaure kwalin magani a bayan mashin da igiyar roba, da rabin buhun masara da Zumuntar Mata suka tara ranar Lahadi, da ƙullin gyaɗa. Yaron da yake tuƙa ni ɗan ƙungiyar matasan cocinmu ne, bai taɓa tambayata gidan wa zamu ko me ke cikin kwalin ba, shi yasa nake son tafiya dashi.

Rafin ya bari mun haye, amma da ƙafa, ruwa har cinya, shi yana tura mashin ni ina ɗauke da kwali a ka.

Wajen goma muka shiga ƙauyen farko. A can matar mai bishara ce ginshiƙin komai. Ɗakin da ke bayan coci nan mata suke haɗuwa duk wata, a idon gari adashi ake yi, kuma da gaske ana adashin, ɗari biyar biyar, sai dai in an gama zubi akan rufe ƙofa a fito da kati. Yau su tara na samu. Na ba kowacce kwalbarta ta wata uku, ƙwaya casa'in, na duba ranar da za'a sake ɗibar jininta dan a ga yawan ƙwayar cutar, na auna masu masara da mudu. Uku daga cikin sunayen takardata suna zaune a wurin, da na tambaye su me ya hana su zuwa, amsar ɗaya ce, kuɗin mota. Magani kyauta ne, eh, tun 2006 gwamnati ta mai da shi kyauta, amma mashin ba kyauta bane, kuma tunda aka cire tallafin mai a 2023 abin da mace zata biya zuwa da dawowa ya fi kuɗin mudun masara uku, a watan da rumbu ya riga ya yi ƙasa sabuwa bata nuna ba. Wata tace min, "Anti, in na ɗauki kuɗin nan na hau mashin, me yara zasu ci da dare?" Ban da amsa. Abin da zan iya shi nayi, na kawo mata har gida.

Akwai abin da mutanen birni basa ganewa game da maganin nan. Wanda muke bayarwa yanzu, ana kiransa TLD, haɗin magunguna uku ne, ƙwaya ɗaya ce tak a rana kuma yana da sauƙi a jiki, ba kamar wanda muka fara dashi ba da ake sha safe da yamma, mai sa kumatu su lotsa ƙafa ta riƙa zugi kamar ana soka allura, ko wanda ya biyo bayansa mai sa jiri da mafarkai barkatai. Amma duk sauƙinsa, da jiki ya fara dawowa sai ciki ya buɗe, mutum ya ji yunwa irin ta wanda ya wuni a gona. Mace da take cin abinci sau ɗaya a rana zata ce maka gara ta ajiye shi sai kaka. Shi yasa masarar nan a wurina ita ma magani ce, kuma duk ranar da wani a taron dattawa yace aikinmu wa'azi ne ba rabon hatsi ba sai naji raina ya ɓaci sosai.

Abin farin cikin yau a ɗakin nan ya faru. Akwai wata yarinya, haihuwarta ta fari, da aka gano tana da cutar a wajen awon ciki. Ta sha maganinta ba fashi, ta haihu a asibiti, aka ba jaririn maganin ruwa na sati shida, sannan aka ɗiga jinin dunduniyarsa a kan takardar gwaji aka aika Jos. Sakamakon yana jakata tun Litinin. Na ja ta gefe nace, "Ƙanwata, ɗanki ba shi da ita." Bata ce komai ba, sai ta kwance goyon ta ɗora shi a cinya ta kama 'yar ƙafar da aka huda tana shafawa da babban yatsa, tana shafawa, hawaye na ɗiga a kan zanin. Na tuna mata cewa akwai sauran gwaji in ya kai wata goma sha takwas ko bayan yaye, kuma kar ta kuskura ta daina shan nata tunda tana shayarwa. Tace ko a mafarki.

Daga nan sai gidan da nake jin nauyinsa tun safe, mai wata uku. Gwauruwa ce, mijinta ya rasu bara, tana zaune da uwar miji. Ba'a shiga irin gidan nan a ce daga asibiti ake. Akuya ce hanyata. Shekara biyu da suka wuce mishan ta raba wa gwauraye awaki, da sharaɗin in ta haihu ki ba wata 'yar farko, to ni na zama mai zagayen duba awaki, kowa a garin haka ya san ni. Na durƙusa na gaida tsohuwar, "Mama ina kwana, ya sanyi, ya ƙafar?" ta amsa tana sa min albarka, sannan nace bari mu je bayan gida in ga akuyar.

Da na ga matar a haske sai gabana ya faɗi. Wuyanta ya zama kamar sillen kara, leɓenta ya bushe, tana tari irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Muka tsaya jikin rumbu akuya na cin ɓawon masara a tsakaninmu, ta gaya min komai da murya ƙasa ƙasa. Wai wata rana uwar mijin ta ɗaga jakarta ta ji ƙarar ƙwayoyi a kwalba, ta tambaya, ita kuma tace maganin ulsa ne, daga ranar tsoro ya shige ta. Sai kuma aka kai ta wani gidan addu'a a wani gari, mai gidan ya sa ta azumin kwana uku, ya shafa mata mai, yace ta warke, kuma in ta sake shan ƙwaya ta nuna bata gaskata ba. Ta zuba sauran a masai.

Ni mai bi ce, na gaskata Ubangiji yana warkarwa, da bakina nake faɗa. Amma mutumin da zai kalli gwauruwa mai 'ya'ya uku yace ta zubar da abin da ke riƙe da ranta, ba tare da ya aika ta ko gwajin jini ba, wannan ba bangaskiya yake koya mata ba. Na binne mutane da yawa da aka ce masu sun warke. Baba Rabaran ɗinmu yakan faɗa a kan bagadi cewa Luka da ya rubuta bishara likita ne, kuma Allahn da ya ba mu addu'a shi ya ba likita sani, kuma da ma a ce duk masu riƙe da makirufo haka suke faɗa.

Ban yi mata faɗa ba. Na buɗe jakata na ciro tawa kwalbar, na girgiza ta a kunnenta, shiru, ba ƙara. Na buɗe na nuna mata audugar da nake cusawa a ciki. Sai ta ɗago ta kalle ni, tace, "Yaya, ke ma?" Nace ni ma, shekara goma sha tara kenan. Na gaya mata nawa mijin ya tafi a 2005, lokacin ana kiran cutar nan kabari kusa, ana ware wa mutum kwanonsa da kofinsa, ni kuma na rage ƙashi da fata har wata mata a cocinmu ta ɗauke ni a mota ta kai ni Jos. Lokacin asibitoci irin su Jankwano da Faith Alive, wanda Dakta Chris Isichei ya kafa a 1996, cike suke da irinmu, ana layi tun asuba, maganin PEPFAR, shirin yaƙi da cutar nan da Amurka ta fara a 2003, ya soma isowa. Nace mata dubi hannuna, da shi na yi noman dankali bana, da shi na aurar da 'yata. Ta daɗe tana kallon kwalbar kafin tace tana tsoron Sista zata kore ta. Nace ba mai korarki, fayil ɗinki na nan inda kika bar shi.

Ban bata magani a take ba, saboda tarin nan ya dame ni, wata uku ba magani ga rama ga zufan dare, dole a duba tarin fuka tukuna likita ya ga ta inda za'a fara. Na bata ɗan kofin majina na nuna mata yadda zata yi, muka shirya ranar Juma'a yaron nan zai zo ya ɗauke ta a bakin kasuwa kamar mai zuwa sayar da wake. Maganar uwar miji kuwa nace ta bar ta tukun, ba yau ba, in ta samu ƙarfi ita zata zaɓi ranar da bakin da zata faɗa. Akwai doka tun 2014 da ta hana a wulaƙanta mai cutar nan, amma doka bata kwana a tsakar gida ɗaya da ke.

A hanyar fita muka tsaya gindin wata ɗorawa inda wata Inna daga ruga take jirana duk wata uku da ƙwaryar nono a gabanta. Musulma ce, ta san daga coci nake, ni ma ban taɓa ce mata ta zo sujada ba, kuma a wannan yanki da aka sha zubar da jini tsakanin makiyaya da manoma ba ƙaramin abu bane mu zauna a kan saiwa ɗaya. Na sa kwalbarta cikin leda baƙa na ajiye gefen ƙwaryar, ta zuba min kindirmo, duk wanda ya wuce ciniki ya gani. Tace, "'Yata, Allah ya biya ki." Nace amin Inna. A farkon 2025, da labari ya bazu cewa Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairu, ita ce ta fara tambayata ko magani zai ƙare, har ta soma tsallake kwana ɗaya ɗaya dan ya daɗe mata, sai da na roƙe ta ta daina. Tun lokacin dattawanmu suka ware baikon Lahadi ɗaya a wata dan man mashin, da shi muke tafiya yanzu.

Inna ita ce ta biyar a takarda. Ta shida ance ta tafi Bauchi wajen 'yar'uwarta, na karɓi lambar da za'a same ta. Na bakwai namiji ne, magidanci, dama maza su ne masu wuyar samu, basa zuwa ɗakin adashi, basa son a gan su a layi. Na tarar da rumfa a ƙofar gidansa, an yi sati biyu da binne shi. Na zauna na yi gaisuwa kamar kowa, matarsa ta kawo min gwate, ina ci ina kallonta da cikinta da ya fara fitowa, kuma na san bai taɓa gaya mata ba, dan sau biyu ina roƙonsa ya kawo ta yana cewa sai bayan girbi. Ba hurumina bane in buɗe fayil ɗin mamaci a gaban dangi. Abin da nace kawai, "Ƙanwata, kin fara awo?" Tace a'a. Nace ki zo Juma'a, akwai mashin, ba sai kin biya ba, ana duba jinin duk mai ciki.

Ruwa ya kama mu a dawowa, dole muka bi ta gada, bamu iso ba sai bayan magariba. Na mayar wa Sista takardarta, ta sa alama a gaban biyar, ta rubuta Bauchi a gaban ɗaya, ta ja layi a kan ɗaya. Na gaya mata Juma'a mutum biyu ne, sai yaron ya yi sawu biyu, tace zata nemo kuɗin man.

Yanzu tara ta wuce da minti goma, na sha tawa ƙwayar da ragowar kindirmon Inna. Takalmana na bakin murhu, ban san ko zasu bushe kafin safe ba.