Faifan Inna da Darasin da Na Kai Aji Huɗu

A shekarata ta biyu a kwalejin ilimi, inda nake karatun NCE a sashen zane-zane da ayyukan hannu, malaminmu ya shigo aji wata ranar Talata hannu rabbana, ko alli bai riƙo ba. Ya ce kowa ya je ya yi aiki guda a kan mutumin da ya raine shi, ko wanda zama da shi ya bar masa abin da har yau bai rabu da shi ba. Mako uku ya ba mu. Sannan ya gindaya sharaɗi: duk abin da mutum zai yi, ya tabbata zai iya koya wa ɗan aji huɗu na firamare ya yi irinsa, da kayan da ba su fi ƙarfin aljihun iyayensa ba.

Ni kakata na zaɓa, mahaifiyar babanmu, wadda muke ce wa Inna. A ɗakinta na tashi tun daga yaye har na shiga sakandare. Sai dai abin da na fara yi ba nata ba ne. Na hau intanet na samo hoton wata tsohuwa rungume da jikarta, na kwana huɗu ina kwaikwayarsa da fensir, na gyara inuwa, na fitar da tamojin fuska ɗaya bayan ɗaya. 'Yan ajinmu suka yi ta yabawa. Na kai wa malam ina ganin na gama.

Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Hannunki ya faɗa, babu ja. Amma wace ce wannan?"

"Kakata ce, Malam."

"Haka take ɗaura kallabi?"

Na yi shiru. Inna ba ta taɓa irin wannan ɗaurin ba, kuma ba na tuna ranar da ta rungume ni haka. Ita tata ƙaunar a loma take, da ɗumamen safe, da tashi tsakar dare ta gyara min rufa lokacin hunturu. Ya miƙo min takardar ya ce, "Je ki gida ƙarshen makon nan. Kada ki zana komai. Ki zauna kusa da ita, ki duba abin da hannunta ke taɓawa kullum."

Na same ta a bakin ƙofar ɗaki bayan la'asar, ta miƙe ƙafa a kan tabarma, ƙwaryar ruwa a gefe da kaba a jiƙe a ciki. Da ta ga na zauna na zuba mata ido, sai ta ce, "Kishiyata, bokon ne ya ƙare kika dawo kallon faifai?" Na ce aiki aka ba ni. Ta yi dariya ta ci gaba.

Tun ina yarinya nake ganin wannan saƙa, amma ranar ce na fara kallonta. Da farce take tsaga kaba, siririya siririya, duk faɗinsu ɗaya ba tare da ta auna ba. Daga cibiya take farawa, ta naɗe 'yar ciyawa ta murɗa, ta soka basilla ta zaro kabar ta ja har sai ta yi 'yar ƙara. Babban yatsanta na dama ya yi kanta, wurin ya yi tauri kamar ƙirgi. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wani jan zobe siriri da take sakawa kafin layin ƙarshe, a kowane faifai. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Duk faifan da ya fita gidan nan a kan kwanon tuwo, jan zoben nan ne ke dawo da shi. Kowa a unguwa ya san nawa ne." Ashe sa hannunta ke nan, ita da ba ta taɓa riƙe biro ba.

Da zan koma ta ba ni wani tsohon faifai da bakinsa ya fara warwarewa, na kuma roƙi ƙyallayen tsofaffin zannuwanta guda uku. A makaranta na samo kwalin indomi na buɗe shi, na dama jar ƙasa da ƙaro na shafe shi da ita, saboda launin bangon ɗakinta ke nan. Na manna faifan a tsakiya da kullun rogo da na dafa, na jera ƙyallayen suna kewaye shi, a ƙasa kuma na sa siffar tafin hannunta, wadda na zagaye da gawayi kafin in taho tana ta mita wai na ɓata mata hannu. Babu ido, babu hanci, babu baki. Da yayana ya kawo min ziyara ya gani jingine a bango, bai jira bayani ba, ya ce, "Kai, wannan ai Inna ce."

Ranar da muka baje ayyukanmu a ɗakin zane, na ga mutanen da muka shekara biyu tare kamar ranar na fara saninsu. Wani da kakansa ya yi rini a marinar Ƙofar Mata a Kano ya kawo ƙyalle mai ɗaurin zobe-zobe da aka tsoma a baba, ya ce har kakan ya rasu shuɗin bai bar hannunsa ba. Wani ya yi zayyana a kan allo don malaminsa na tsangaya. Wata ƙawata 'yar Kafanchan ta jera tsofaffin tikitocin jirgin ƙasa na mahaifinta, wanda ya yi ritaya a aikin reluwe. Babu wanda ya kashe kuɗin kirki, kuma babu aikin da ya yi kama da na wani.

Nan malam ya zaro naira ashirin daga aljihu ya juya bayanta, ya nuna mana Ladi Kwali a kan tukunyarta. Yawancinmu mun san sunan, amma ba mu san a hannun gwaggonta ta koyi ginin tukwane tana yarinya ba, tun kafin wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a garin da yanzu ake kira Suleja. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Baturen ya kafa a can, ita ce mace ta farko. Ta koyi na'urar juya yumɓu da sabuwar hanyar gashi, amma ƙadangaru da kunamu da kifayen da take zanawa a jikin tulu na gida ne, ba ta yar da su ba. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ya kuma ba mu labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, waɗanda suka ƙi yarda a ce zane sai irin na Turai. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, wanda mahaifiyarsa ta iya. Na lura da abu ɗaya a labaran biyu: gwaggo da uwa. Manyan da ake karanta sunansu a littafi ma daga tsakar gida suka ɗebo.

Na ɗauka na fahimci darasin gaba ɗaya. Koyarwar gwaji ce ta nuna min da sauran aiki.

An tura ni wata firamare a gefen gari, aka ba ni aji huɗu, yara sun haura saba'in, wasu a benci wasu a ƙasa. Darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya na shekara tara, yana nan a jadawali, amma abin da na tarar shi ne a rubuta ma'anar zane da ire-irensa a allo, yara su kwafa, a tashi. Ban ga laifin malaman sosai ba. Babu takarda, babu kala, babu wurin ajiya. Sai dai yaron da ya haddace ma'anar launi da Turanci amma bai taɓa dama launi da hannunsa ba, ni a ganina ba a koya masa komai ba.

Na aiki yara su tattaro kwalaye daga shaguna, da gawayi, da jar ƙasa, da farar ƙasa, da busasshen zoɓo, da garin lalle, da ɗan shuni na wanki. Aji ya kaure da murna. Ina tsaye gaban allo cike da zumuɗi na ce, "Yau kowa zai yi aiki a kan mahaifiyarsa."

Hayaniya ta ci gaba, amma wata yarinya a layi na biyu ta kife kai a kan benci. Na ɗauka ba ta da lafiya. Na dafa ta na ce, "'Yata, lafiya?" Ba ta ɗago ba, kafaɗunta kawai ke rawa. Malamar ajin ta ja ni waje ta ce min mahaifiyar yarinyar ta rasu wajen haihuwa da daminar da ta wuce. Ta ƙara da cewa a ajin nan akwai waɗanda iyayensu suka rabu suna hannun matar uba, akwai 'yan riƙo, akwai waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukansu.

Daren nan barci ya ƙaurace min. Malaminmu cewa ya yi "mutumin da ya raine ka", bai ce uwa ba, bai ce uba ba, kuma yanzu na gane da gangan ya zaɓi kalmominsa. Ni da kaina kaka ce ta raine ni, amma da na tsaya gaban yara sai na ƙuntata ƙofar da aka buɗe min a faɗaɗe. Aikin zane a kan dangi ba kamar zana mangwaro ko kofi ba ne. Kana taɓa wurin da wani yaron yake da gyambo, kuma ba ka sani ba sai ka taɓa.

Washegari na sake magana. Na ce kowa ya zaɓi wanda yake kula da shi, ko wanda yake so ya gode wa: kaka, yaya, kawu, maƙwabciya, malamin allo, ko aboki. Na ce ba fuska za mu zana ba, abin da mutumin yake taɓawa kullum za mu nema. Na kuma yi alkawari babu wanda za a tilasta wa fitowa gaban aji ya yi bayani, kuma ba za a rataye aikin kowa a bango ba sai da yardarsa. Yarinyar ba ta ce komai ba, ni ma ban matsa mata ba. Na dai ajiye mata kwali a gefen bencinta.

A mako na biyu hedimasta ya aiko a kira ni. Na tarar da wani dattijo zaune a ofis, mahaifin ɗaya daga cikin yarana. Bayan mun gaisa ya ce, "Malama, ba rigima ta kawo ni ba. An ce min kina sa yara zana mutane, ni kuwa ban so ɗana ya saba da surar abu mai rai." Na ce, "Baba, gaskiyarka ne ka tambaya. Don Allah mu je ka gani da idonka."

Maganar surar mai rai magana ce ta malamai, ba hurumina ba ne in yanke wa uba hukunci a kanta, kuma malamin zane a ƙasar Hausa da ya yi kamar damuwar ba ta nan yana yaudarar kansa ne. Abin da na sani shi ne kakanninmu sun daɗe suna ƙawata rayuwa ba tare da fuska ba. Aska takwas a gaban babbar riga, dagi a bangon soro, zayyanar allon sauka, zanen ƙwarya, lallen amarya, adon gidajen birnin Zariya, duk suna faɗin wane ne mutum da kuma waɗanda yake tare da su.

Na ɗauko masa kwalin ɗansa. Yaron ya manna guntayen yadi kala-kala a jere kamar yadda suke zuba a ƙasan shago, ya zana almakashi da gawayi, ya zagaye duka da tsohon tef na awo da lambobinsa suka goge. A ƙasa ya rubuta da fensir: "Babana tela ne. Ba ya barci da azumi." Dattijon ya riƙe kwalin da hannu biyu, ya daɗe bai ce uffan ba. Da zai tafi ya ce, "Allah ya yi albarka, Malama." Kashegari yaron ya shigo da buhu cike da ƙyallaye, ya ce Baba ya ce a raba wa 'yan aji.

Ba da maki ya ba ni wahala. Ta yaya zan ce aikin wannan a kan kakarsa bakwai ne cikin goma, na wancan a kan yayansa huɗu? Daga ƙarshe na tsaya a kan abin da za a iya aunawa da adalci: ko yaro ya kammala, ko ya yi amfani da kayan da kyau, ko mannin ya kama, ko abin da ya sa ya fito daga gidansu ne ba kwafe daga na kusa da shi ba. A bayan kowane kwali kuma na rubuta jimla ɗaya a kan abin da na gani a ciki. Yara saba'in da wani abu, sai da na kwana uku ina yi.

Saura kwana biyu in gama, ana tashi tara, yarinyar nan ta tsaya har aji ya watse, sannan ta zaro kwalinta daga cikin hijabi. Ta manna baƙin zare layi-layi, ya tashi daga goshi ya haɗu a tsakiya, kitson shuku sak, har da tsagar da ke tsakanin layukan. Ta ce yayarta ce, 'yar shekara goma sha uku, ita ke mata kitso duk ranar Alhamis yanzu, ita ke dafa musu abinci kafin ta tafi islamiyya. A kusurwar kwalin akwai wani ɗan ƙyalle shuɗi, bai fi faɗin akwatin ashana ba, an manna shi da kyau an shafe gefensa. Ban tambaya ba. Ita ce ta sa yatsa a kai ta ce, "Wannan na mayafin Umma ne."

Na ce, "Kina so a rataye shi tare da na sauran?"

Ta girgiza kai. "A'a, Malama. Yaya zan kai wa."

Na samo tsohuwar jarida na naɗe mata shi don kada zaren ya ɓalle a hanya, ta mayar cikin hijabi ta fita.