Kwana 19 da aikin gwiwar Hajiya

Talata, Katsina.

Da asuba na kai wa Hajiya ruwan alwala, sai na ga bandejin gwiwarta ya jiƙe. Ba jini ba ne, wani ruwa ne fatsi-fatsi mai yauƙi. Na ɗora bayan hannuna a wurin, zafi rau kamar murfin tukunya. Yau kwana 19 da sa mata gwiwar ƙarfe, shekaranjiya ma har zaure ta taka da sandarta.

"Hajiya, tun yaushe?"

"Tun Lahadi. Ban so in tayar muku da hankali ba ne."

Halinta ke nan.

Kafin in gama neman lambar likita, Gwaggo ta aiki yaro kemis ɗin Ƙofar Ƙaura ya sayo Ampiclox. Allah ya sa likitan ya ɗauka. Ya ce ko ƙwaya ɗaya kada mu ba ta, mu kawo ta yanzu. Wai in maganin ya riga shiga jiki kafin a ɗebi ruwan gwiwar, ƙwayar cutar kan ƙi fitowa a gwaji, a koma lalube cikin duhu. Gwaggo ta tsuke fuska, ta ce ita da wannan kafso ta raini 'ya'ya bakwai.

A asibiti aka ɗebi jini don CRP da ESR, gwaje-gwajen da ke nuna alamar kumburi a jiki, sannan aka soka allura a gwiwar aka zuƙo ruwa gurɓatacce. Na kau da kai. Hajiya kuwa salati kawai take.

Bayanin likitan ne ya tsaya mini a rai. Ƙarfe ba shi da jijiyar jini, don haka ƙwayoyin cutar sukan manne masa su yi yauƙi kamar gansakuka a cikin randa, magani ya wuce ta sama bai taɓa su ba. In an kama abin a makonnin farko, a buɗe a wanke, a canja robar tsakiya, a bar ƙarfen. In ya daɗe, sai an cire duka, a sa siminti mai magani, a yi makonni ana allura, sannan a sake sabon aiki. Da na ji haka gonar da muka sayar ce ta faɗo mini.

Sukarinta ma ya hau. Da ya matsa, ta amsa cewa tana shan fura da sukari in na tafi aiki.

Gobe da safe za a shiga wankin. Daga sha biyun dare ba ci ba sha. Kafson Gwaggo yana cikin jakata, ban mayar mata ba.