Na sayi sabuwar na'urar gem, ga yadda ta kaya

Wata uku cur na yi ina kai-kawo a kan maganar nan kafin na iya cire kuɗi. Kullum da daddare in na kwanta sai in buɗe YouTube in kama kallon masu jera PS5 da Xbox Series X gefe da gefe, wannan ya ce duba inuwar bishiyar nan ta fi fitowa a nan, wancan ya ce a'a kalli gashin dokin dai, har ta kai na haddace wasu lambobi da in ka tsare ni ka ce in faɗa maka amfaninsu wallahi sai dai in yi ta kame-kame. Kuma fa tsohuwar PS4 ɗina lafiyarta ƙalau, ba abin da ya same ta, tsufa ne kawai, na'urar da ta fito tun 2013 ai ta yi ƙoƙari, sababbin gem ne suka fara tsallake ta suna wucewa.

Wanda ya warware min matsalar ƙanina ne, shi ma ba da niyya ba. Ina ta zuba masa bayanin wacce ta fi wacce ƙarfi, yana danna wayarsa ko ɗago kai bai yi ba, can sai ya ce "Yaya, wai wane gem ne kake son bugawa?" Na yi shiru. Wata uku ina binciken akwati, ban taɓa zama na tambayi kaina me zan zuba a ciki ba.

Daren nan na ɗauki biro na rubuta guda uku waɗanda da gaske raina ke so, ba waɗanda ake ta yayi ba: Spider-Man 2, Astro Bot, da Baldur's Gate 3. Biyun farko na Sony ne, masu yin PS5, ba za ka same su a Xbox ko Nintendo ba, na ukun kuma akwai shi a PS5 ɗin ma. Shi kenan magana ta ƙare, abin da wata uku bai yanke ba minti biyar ya yanke shi. Da a ce abin da na rubuta Zelda ne da Mario Kart, to da Nintendo zan nufa ba ko waiwaye, don su kam sun riƙe kayansu gam, ba a wata na'urar za ka gan su ba. Na'urarsu Switch ta farko ta fito a 2017, ta biyun a watan Yunin 2025, kuma ga wanda ba shi da talabijin nasa na kansa, ko wanda rabin rayuwarsa a hanya take, na'urar da zai cire daga jikin talabijin ya ci gaba da bugawa a hannu ta fi masa duk wani ƙarfin girafik. Da kuma ni mai ɗanɗane-ɗanɗane ne, in taɓa wannan in taɓa wancan, to da Xbox da Game Pass ɗinta sun fi dacewa da ni, kana biya wata-wata ka samu ɗaruruwan gem a gabanka, sai dai ka sani haya ce, ranar da ka daina biya ƙofa ta rufe, kuma gem na shiga yana fita daga jerin.

Katangar da ke tsakanin kamfanonin ma ta fara tsagewa fa. Forza Horizon 5 da aka sani da Xbox ya shigo PS5 a 2025, su God of War kuma sun daɗe da zuwa kwamfuta. Don haka masu zagin juna a intanet saboda kamfani, kamar wanda ke da hannun jari a ciki, ni dai dariya suke ba ni.

Abu na biyu da ya kamata a duba shi ne ina abokanka suke. Fortnite da Call of Duty suna barin mai PlayStation ya haɗu da mai Xbox, amma ba kowane gem ke yin haka ba, ko a ƙwallon EA ma mai PS5 da mai PS4 ba aji ɗaya ake saka su ba sai dai in mai PS5 ɗin ya sauko ya buɗe irin na PS4. Kuma buga gem onlayin a PlayStation sai da PS Plus, wato rajistar da ake biya, in ban da irin waɗanda dama kyauta ake sauke su. Wannan kuɗi ne da mutum ba ya lissafawa ranar da yake murnar buɗe kwali.

Na zo kan mai faifai ko marar faifai, a nan na ɗan daɗe. Marar faifan ta fi sauƙin kuɗi kuma ta fi kyan gani, ba musu. Amma ni ina da tarin faifan PS4, kuma PS5 tana karanta kusan dukkansu, in na ɗauki marar faifai sun zama kayan ado kenan. Sannan faifai za ka iya aro, ka ba da aro, ka saya na hannu, in ka gama ka sayar ka cika ka sayi wani, wanda ka saya ta intanet kuwa yana maƙale da akawun ɗinka har abada ko ka so shi ko ka tsane shi. Na ɗauki mai faifai, siririyar nan da suka fitar a 2023. PS5 Pro ta 2024 ban ko kalle ta sau biyu ba, ta fi tsada sosai kuma ba ta zuwa da wurin saka faifai sai ka saya daban, talabijin ɗina kuma ba zai ma nuna min bambancin ba. Xbox Series S ita ma ba ta cin faifai sam, mutane da yawa ba sa lura sai sun kai ta gida.

Kar dai a ɗauka faifai na nufin ka rabu da data. Za ka saka sabon faifai fil, kana zumuɗi, sai ta ce maka akwai afdet, ka zauna kana kallon layi yana rarrafe. Ga maganar wuri. PS5 ta farko da ta fito a Nuwamban 2020 an rubuta mata gig 825, amma abin da ke zuwa hannunka wajen 667 ne, sauran na'urar ta riƙe wa kanta, siririyar ce aka ƙara zuwa tera 1. Ka ga kamar da yawa, sai ka tuna irin su Call of Duty da Red Dead Redemption 2 kowanne na iya haura gig 100 shi kaɗai. Akwai gurbin da ake ƙara memori irin M.2 a ciki, ƙusa biyu za ka kwance. In kuma had dis na waje ka jona ta USB, gem ɗin PS4 za su buɗe daga kansa, na PS5 kuwa ajiya kawai zai yi maka, sai ka dawo da su ciki kafin su tashi.

Ranar farko ban ma taɓa ko ɗaya cikin ukun da na rubuta ba. Akwai wani ɗan gem da ke zuwa a cikin na'urar kyauta, Astro's Playroom, na ce bari in leƙa kafin afdet ya gama, ban farga ba awa biyu ta wuce. An yi shi ne don ya nuna maka abin da fad ɗin, wato abin dannawar da ake riƙewa a hannu, zai iya. Ɗan mutum-mutumin yana tafiya a kan yashi kana jin ƙus-ƙus a tafin hannunka, ya hau ƙanƙara abin ya koma santsi, da aka fara ruwa ya buɗe lema sai na ji ɗigon yana sauka ɗaya-ɗaya a cikin fad ɗin, tas, tas, tas, har sai da na juya shi na duba bayansa kamar wani baƙauye. Da na zo jan baka kuma maɓallin baya ya yi tauri yana turo min yatsa. Duk bidiyon da na kalla na wata uku babu wanda ya iya nuna min wannan, don ba abin kallo ba ne.

Wani abu da ya kusa ɓata min rai, kuma laifina ne: kwana biyu ina jin kamar in na danna sai an ɗan yi jinkiri kafin abu ya motsa, har na fara zargin fad. Ashe talabijin ne ke ta gyaran hoto kafin ya nuna, ina shiga saiti na kunna yanayin gem komai ya dawo daidai. A cikin gem ɗin ma yawanci za a ba ka zaɓi biyu, hoto mai kyau sosai a firem 30 cikin daƙiƙa ko kuma mai santsi a firem 60, ni tun da na ɗanɗana 60 ban koma ba. Wancan 120 ɗin a 4K da ake rubutawa a jikin kwali kuwa sai talabijin mai HDMI 2.1, kuma gem kaɗan ne ke kai wa nan.

To zaɓen gem, nan ne na fi yin asara a baya. A PS4 ina da fiye da goma da na saya don kawai an yi ragi, wasu ko buɗe su ban yi ba. Na zo na gane ba kuɗi ne ya fi ƙaranci a wurina ba, lokaci ne. In na dawo na gama abin da zan yi, awa ɗaya nake da ita, in ta yi yawa ɗaya da rabi. Gem irin The Witcher 3 in ka bi lungu-lungunsa zai ci awa ɗari, wato wata uku ko fiye kenan a lissafina, kuma in na yi sati biyu ban taɓa ba sai in dawo na manta waye wannan, me ya sa nake binsa, wane maɓalli ne ma na tsalle. Yanzu kafin in saya sai na leƙa shafin HowLongToBeat na ga tsawonsa, sannan in nemi bidiyon wani yana bugawa daga tsakiya, minti goma ba yanka ba kiɗa. Tirela talla ce, an tsince wuraren da suka fi kyau ne an jera maka.

Biya tun kafin gem ya fito kuma na daina. Kowa ya ga abin da ya faru da Cyberpunk 2077 a Disamban 2020, ya fito da matsaloli a tsofaffin na'urori har Sony ta cire shi daga shagonta, bai dawo ba sai Yunin 2021. Daga baya an gyara shi ya zama abin yabo, wanda ya yi haƙuri ya samu mai kyau a farashi mai sauƙi. Gem ɗin da ake saukewa ai ba ya ƙarewa a kasuwa balle ka ce kana rububi.

Ƙwallo ma na rage. Tun da EA suka rabu da FIFA suka koma EA Sports FC a 2023 suna ne ya canja, amma tsarin fitowa duk shekara yana nan, ni dai a idona bambancin bana da bara bai kai a sake biya ba, shekara biyu-biyu nake saya. Sayen fakitin 'yan wasa da kuɗin gaske kuwa, ka biya ba ka san wa zai fito maka ba, ban taɓa yi ba kuma na hana ƙanina. Mai yara a gida ya riƙa duba lambar shekarun da ke jikin kwali, GTA 18 aka rubuta masa kuma ba a banza ba.

Cikin ukun nawa, Spider-Man 2 na gama shi, lilo tsakanin benayen New York kaɗai ya biya ni. Astro Bot, wanda ya ci gem ɗin shekara a 2024, ya fi duk yadda na zata, kowane sitej minti goma ne zuwa sha biyar, daidai da irin lokacina. Baldur's Gate 3 kuwa, shi ma gwarzon 2023 ne, kowa na yabonsa kuma na yarda ya cancanta, amma faɗansa bi-da-bi ne, ka tsaya ka yi tunani ka jefa ɗan lido ka karanta dogon zance, ni kuma ƙarfe goma na dare ƙwaƙwalwata ta riga ta rufe shago. Awa shida na yi na ajiye.

Waɗanda suka cinye min lokaci ba sa ma cikin takardar. Hades, ƙaramin gem na 2020, duk zagaye ɗaya ba ya cin dogon lokaci, in ka mutu ka koma farko amma labarin na ci gaba, shi ya sa mutuwar ba ta da ciwo. Sai It Takes Two, wanda dole sai mutum biyu. Akwai inda ɗaya ke riƙe da kan guduma ɗaya ke da ƙusoshi, mai ƙusa zai harba a bango mai guduma ya maƙala ya yi lilo ya tsallake, ni ne mai ƙusa, ƙanina yana tsakiyar iska sai na kira ƙusata ta dawo ba da gangan ba, ya zurma. "Haba Yaya, sau nawa kenan!" Sau huɗu kenan. Wannan ma bai buƙaci sabuwar na'ura ba, akwai shi a PS4, abin ya ɗan ba ni haushi da na tuna.

Yanzu Elden Ring wani abokina ya aro min, faifai ya yi rana. Ana fitowa fili na hango wani jibgegen mahayi cikin sulken zinare yana sintiri, na ce ai wannan na farko ne ba zai yi wuya ba, ya kashe ni sau tara kafin ƙanina ya ce "Yaya, zagaye shi ake yi fa, sai ka yi ƙarfi ka dawo." Na zagaye. Yanzu kwana huɗu kenan ina bakin Margit, wani babban abokin gaba a gem ɗin, jiya saura ƙiris jininsa ya ƙare fad ya mutu a hannuna don na manta ban saka shi caji ba.