Gawar da ke ba da labarin kanta

Na sake kallon Sunset Boulevard na 1950, fim ɗin Billy Wilder, kuma har yanzu farkonsa ne ke riƙe ni. Gawar wani marubucin fim na yawo a kan ruwan wurin ninƙaya, 'yan sanda sun kewaye ta, kuma mamacin ne ke ba da labari. Tun daga nan ka san an kashe shi, saura wa ya kashe shi da dalili.

Hoton nan da ake ganin gawar daga ƙasan ruwa ba da kyamara a cikin ruwa aka ɗauke shi ba. An gwada saka kyamarar a akwati a nutsar, hoton bai yi kyau ba. Sai aka shimfiɗa madubi a ƙasan ruwan, aka kafa kyamara a sama tana ɗaukar abin da madubin ya nuno: William Holden, ɗan wasan da ya fito a matsayin marubucin, a kife, 'yan sanda a bayansa. Dole ruwan ya kwanta, don ƙaramin motsi kan wargaza fuskokin.

Asali a ɗakin ajiye gawa fim ɗin ya fara, gawarwaki suna hira. Da aka gwada nuna shi, masu kallo suka fashe da dariya, Wilder ya yanke wurin. Ya yi daidai ƙwarai.

Tsohon fim ɗin da jarumar, Gloria Swanson, ke kallo a falonta a cikin labarin kuwa nata ne na gaske, Queen Kelly, kuma Erich von Stroheim da ya fito a matsayin baranta shi ya ba da umarninsa.