Abin da jijiya ke ji idan jini ya goge ta

A wuyan hannun kawuna na hagu akwai wani wuri da idan ka ɗora yatsa za ka ji yana rawa, kamar ka taɓa bututun famfo lokacin da ruwa ke gudu a ciki. A nan ne likita ya haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, domin a samu inda za a riƙa soka allurar wankin ƙoda. An ce masa ya jira mako shida zuwa takwas, kuma a kan idona jijiyar da a da sai an lalubo ta, ta buɗe ta yi kauri, ba tare da an ba shi wani maganin faɗaɗa ta ba. Yawan jinin da ya koma bi ta cikinta ne ya sa ta sake gina kanta, kuma tun daga lokacin nake bin diddigin yadda jijiya ke sanin abin da ke gudana a cikinta.

Kowace jijiyar jini tana da wani siririn tantani a ciki, mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, wanda likitoci ke kira endoteliyam. Jini yana tura bangon jijiya waje, wanda shi ne ake aunawa idan ana duba hawan jini, sannan yana gogar fuskar tantanin yayin da yake wucewa. Wannan gogar ce ta fi ɗaukar hankalina, domin ƙarfinta kaɗan ne ƙwarai amma aikinta babba ne. Tun a 1893 wani likitan Jamus, Richard Thoma, ya lura a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai cewa jijiyoyin da jini ke bi da yawa suna girma, waɗanda jini ya ƙaurace wa kuwa sai su ƙanƙance su ɓace.

Sinadarin da ya fi suna wajen tsiro da sababbin jijiyoyi shi ne VEGF, wanda Napoleone Ferrara ya tace a 1989 a kamfanin Genentech na Amurka. Yana aiki ne ta hanyar manne wa wani makarɓi a jikin ƙwayar, mai suna VEGFR2, kamar mabuɗi da kwaɗo. A 2003 sai ƙungiyar masu bincike ta Bradford Berk ta nuna cewa gudun ruwa kaɗai yana iya tayar da wannan makarɓi ko da babu VEGF a wurin. Bayan shekara biyu Eleni Tzima da Martin Schwartz da abokan aikinsu suka bayyana a mujallar Nature yadda abin ke faruwa a mahaɗar da ƙwayoyi biyu ke riƙe da juna: furotin PECAM-1 ne ke ɗaukar jan da gudun jini ke yi, VE-cadherin ya haɗa shi da VEGFR2, shi kuma ya isar da saƙo cikin ƙwayar. Daga cikin abin da ke biyo baya akwai fitar da iskar naitirik oksaid, wadda ke sassauta naman bangon jijiya har ta buɗe.

A ganina labarin wani sinadarin mai suna BMP9 ya fi wannan koyarwa. Hanta ce ke zuba shi cikin jini, kuma aikinsa ya kwantar da tantanin, ya hana ƙwayoyinsa yaɗuwa barkatai. A 2016 Nicolas Baeyens da abokansa a Jami'ar Yale suka gano cewa gudun jini yana sa makarɓinsa ALK1 ya haɗu da mataimakinsa endoglin, ta yadda ɗan abin da bai isa ya motsa ƙwayar ba a ruwan da ke tsaye zai wadatar idan ruwan yana gudu. Lalacewar da ake gada daga iyaye a ALK1 ko endoglin ce ta fi kawo cutar HHT, wadda masu ita ke fama da haɓo a kai a kai da gurɓatattun mahaɗun jijiyoyi a huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Ke nan yawan sinadarin a jini bai isa ya gaya maka abin da ƙwayar za ta yi ba, sai ka san irin gudun da ke shafar ta.

Irin gudun kuma yana da muhimmanci. Inda jini ke tafiya sumul, ƙwayoyin sukan miƙe su jera ta fuskar da yake bi, su kunna furotin KLF2 mai kare su daga kumburi. Inda jijiya ta rabu biyu ko ta yi kwana, jinin yana juyawa yana komawa baya, kuma a irin waɗannan wurare ne kitse ya fi taruwa ya toshe hanya. Haɗin hannun kawuna ma yana da wannan rauni, domin kusa da ɗinkin, inda jinin ke hautsinewa, nan jijiyar ta fi saurin tsukewa. Shi ya sa ma'aikaciyar jinya ta ce masa: "Baba, kullum da safe a taɓa wurin, idan aka ji rawar ta ragu a zo asibiti a ranar." Yakan taɓa shi bayan sallar asuba, kafin ya karya.