Daga Lubumbashi zuwa Kolwezi, a kan hanyar jan ƙarfe

Tun kafin mu fita daga Lubumbashi, a kudancin Kwango, na hango tsaunin baƙin kashin ƙarfe da dogon bututun hayaƙin Gécamines, kamfanin ma'adinai na gwamnati. A wannan gari ne Moïse Tshombe, shugaban lardin Katanga, ya ayyana ɓallewar lardin ranar 11 ga Yulin 1960, ƙasar ko mako biyu ba ta yi da samun 'yanci ba. Kamfanin Union Minière na Beljiyam, mai haƙar jan ƙarfen yankin, ya juya harajinsa ga 'yan awaren. A wajen garin kuma aka kashe Patrice Lumumba, firaministan ƙasar na farko, a Janairun 1961.

Tafiyar kilomita kusan 300 ce, ta Likasi. Tireloli sun cika hanya maƙil, an lulluɓe kayansu da tamfol, sun nufi iyakar Zambiya, daga nan sai tashoshin ruwa irin su Darussalam da Durban. Ƙurar da suke tayarwa kan sauka a kan matan da ke talla a bakin titi, har gashin idonsu ya yi ja.

Kolwezi ce ta fi tsaya mini a rai. Na ga matasa suna fitowa daga ramuka ba hular kwano, buhunan duwatsun kobalt ɗaure a bayan keke. Wani ya buɗe mini nasa, dutse baƙi mai ratsin kore, ya ce:

"Yallaɓai, mai sikeli ne ke yanka kuɗi, mu namu haƙa."

Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya daga Kwango yake fitowa, akasari daga wannan yanki, ana amfani da shi a batirin waya da na motocin lantarki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, gwamnatin da rami ke ciyarwa ba ta jin dole ta saurari talaka. Haka tsohon shugaban ƙasar, Mobutu, ya yi: ya ƙwace ma'adinan daga Union Minière, ya riƙa toshe bakin manya da kuɗinsu. Da farashin jan ƙarfe ya faɗi a 1974, baitulmali ya ƙafe. A 1977 da 1978 'yan tawaye suka kutso daga Angola, a karo na biyu suka kama Kolwezi, sai da sojojin laima na Faransa da Beljiyam suka diro. Mobutu ya ƙara shekara 19 a kan mulki.